Hayaƙin Jirgi, Na Wa Ne?

Mu da muke zaune a unguwannin da jirgi ke bi ta kansu in zai sauka a filin Malam Aminu Kano, muna da wata al'ada da ba wanda ya koya mana ita. Ana cikin magana, ciniki ne ko gulma, da an jiyo rugugin nan sai kowa ya ja bakinsa ya yi shiru, a bar shi ya wuce, sannan a ɗora daga inda aka tsaya kamar ba a yi komai ba. Mai wa'azi ya sani, mai tallan magani ya sani, har masu cacar baki a bakin famfo sukan ba jirgi hanya kafin su ci gaba. In baƙo ya zo yana toshe kunne, dariya muke yi masa, mu ce ai mu da jirgi tsofaffin maƙwabta ne, tun 1925 da jiragen sojan Ingila suka dira a Kano, lokacin ko filin ba a gina ba.

Ƙara kam mun saba da ita. Hayaƙin ne ba mu taɓa sa shi a lissafi ba, don ba ya shiga ido, ba ya sa tari irin na bola. Wanda ya jawo mana zancensa dakalin ƙofar gidan Alhaji shi ne ɗan bokon layinmu, wani yaro mai karatun labarin ƙasa a jami'a, wanda in ya karanto abu ba ya samun barci sai ya sauke shi a kan dattawa.

"Baba, kun san Heathrow, babban filin jirgin Landan?" in ji shi. "Fasinja sama da miliyan 80 ke bi ta cikinsa a shekara. To tun 2020 suka yi shelar cewa sun wanke kansu, lissafin iskar kabon ɗinsu ya koma sifiri. Mu kuwa muna nan zaune, ko maganar ba ma yi."

Baban da yake yi wa magana ɗan fansho ne, a sashen kaya na filin jirgi ya ƙarar da ƙuruciyarsa, ya ga zamanin da KLM ke sauka a Kano. Bai ko ɗago daga goron da yake fasawa ba.

"Ɗan nan, da jiragen aka yi lissafin, ko ban da su?"

Yaro ya sosa ƙeya. "Ban da su, Baba."

Sai da mai shayi ya ajiye buta don dariya.

Gaskiyar maganar ke nan kuwa. Abin da filin ya ƙirga shi ne abin da ke hannunsa: wutar gine-gine, na'urorin ɗumama ɗakuna, motocinsa da ke kai da kawo a cikin shinge. Sun koma sayen wutar da ake samu daga iska da rana, sun canza fitilu, ɗan abin da ya rage kuma suka biya kuɗi a wani waje aka ce an shafe shi. Ba ƙarya suka yi ba, aiki ne kuma sun yi. Amma su da kansu sun rubuta cewa wajen kashi 95 cikin 100 na hayaƙin da ke tattare da filin daga jiragen yake fita. Kuma a daidai lokacin da suke wannan shela, titin saukar jirgi na 3 suke nema su gina. A watan Fabrairun 2020 kotun ɗaukaka ƙara ta taka wa shirin birki, ta ce gwamnati ba ta yi la'akari da yarjejeniyar sauyin yanayi ta Paris ba. Disamba na zuwa kotun ƙoli ta warware hukuncin. A Janairun 2025 gwamnatin Ingila ta fito fili ta ce tana goyon bayan ginin.

Alhaji, wanda tun ɗazu carbi kawai yake ja, ya ce, "To ai wannan lissafin namu ne, Turawa aro suka yi. Ku duba gidan kowa a layin nan da safe. An share tsakar gida tas, an yayyafa ruwa, ka ce lasa za a yi. Sharar fa? An turo ta ƙofa, yaro ya tunkuɗa ta kwata. Kwatar ta wa ce? Ba ta kowa ba. Kowa gidansa tsaf, lungu kuma ba ya biyuwa. Damina ta zo, ruwa ya kwaso mana abinmu ya dawo da shi har gindin gado, mu fito muna salati muna neman wanda ya toshe hanya."

Ba wanda ya musa, don kowa ya san kwatar ƙofar gidansa.

Abin da Alhaji bai sani ba shi ne har ƙasashe haka suke yi. Tun yarjejeniyar sauyin yanayi ta Kyoto ta 1997, hayaƙin jirgin da ya tashi daga wata ƙasa zuwa wata ba a haɗa shi cikin jimlar ko ɗaya daga cikinsu, gefe ake rubuta shi. Wato jirgin da ya ɗaga daga Kano zuwa Jidda, hayaƙinsa ba ya cikin kason Najeriya, ba ya cikin na Saudiyya. An miƙa wa hukumar sufurin jiragen sama ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ICAO, mai zama a Montreal ta Kanada, ta san yadda za ta yi da shi. Sai 2016 ta fito da tsarin da ake kira CORSIA, kuma a lokacin ɗan Najeriya ne shugaban majalisar hukumar, Dakta Olumuyiwa Benard Aliu. Tsarin bai ce a rage tashi ba. Cewa ya yi in hayaƙin jiragen ƙasa da ƙasa ya haura wani mizani, kamfanoni su biya kuɗin rarar, a kashe su kan ayyukan da ke rage hayaƙi a wani wuri, kamar kare daji ko dashen itatuwa. An tsara shi na sa-kai da farko, daga 2027 kuma tilas ga ƙasashen da suka fi yawan zirga-zirgar jirage.

Jin an ambaci dashen itatuwa sai dakalin ya sake kaurewa, don wannan fagen namu ne. Duk shekara damina na tsayawa ake bikinsa. A kafa rumfa, a zo da makaɗa, babban baƙo ya naɗe hannun babbar riga ya durƙusa a ɗauki hoto. Mako biyu ka koma wurin, awaki sun yi sallama da dashen, kejin da aka kewaye shi da shi kuma wani ya ɗauke ya rufe kajinsa. Baɗi a sake haƙa rami a daidai wurin. In da ana ƙirga duk abin da muka dasa a gaban kyamara, da yanzu daga Kano zuwa Daura ba a ganin rana. To in wani kamfanin jirgi ya ce ya shafe hayaƙinsa da bishiya, tambayar da muka iya yi masa ita ce, wa ke ba ta ruwa da rani? Hayaƙin ya riga ya tafi sama yau, kuma wani kaso nasa zai yi ɗaruruwan shekaru a can. Bishiyar kuwa sai ta tsira daga akuya, daga gatari, daga gobara, shekara da shekaru, kafin ta biya abin da aka rubuta da sunanta.

Mai shayinmu mutumin Damagaram ne, a nan ya sa baki. Ya ce su a wajensu da Maraɗi ba da biki aka yi ba. Manoma ne suka daina tumɓuke kututture in suna sassabe, in ya tofo su rage rassan su bar mai ƙarfi, su bar gawo ya girma a tsakiyar gero. Gaskiya ya faɗa: daga shekarun 1980 zuwa yau an ƙiyasta itatuwa wajen miliyan 200 suka dawo a kudancin Nijar ta wannan hanya, kuma ba kamfanin jirgin da ya biya su ko sisi.

Daga nan yaron ya yi ƙarfin hali ya taɓo inda ake jin tsoro.

"Alhaji, ba da kai nake ba fa. Amma kilo 1 na man jirgi in ya ƙone, kilo 3 da ɗoriya na iskar kabon yake bayarwa."

"Kai yaro, ji ƙarya," in ji mai shayi. "Ta yaya 1 zai haifi 3? Ni in na ƙona gawayi toka kaɗan nake gani."

"Ba ƙarya ba ce. Kowace ƙwayar kabon da ke cikin man, in ta ƙone, sai ta kamo ƙwayar iskar shaƙa biyu ta tafi da su. Nauyin na su ukun ne. Daga nan zuwa Jidda kusan kilomita 3,400 ne. Kujera ɗaya, zuwa da dawowa, ta kai rabin tan ko fiye. Ɗan Najeriya kuwa, in aka raba hayaƙin man fetur da gas da masana'antun ƙasar nan a kan kowa, wajen rabin tan ɗin ne rabonsa a shekara guda cur. A 2023 kujera 95,000 aka ba Najeriya."

Malam, limamin masallacin layi, ya gyara zama. Ya ce hajji farilla ce ga mai iko, kuma ba mai hankalin da zai ce a koma bin ƙasa ta Chadi da Sudan irin na kakanninmu, waɗanda kan yi shekaru a hanya, wasu ma har yau zuriyarsu na Sudan ba su ƙarasa dawowa ba. Jirgi rahama ce. Sai dai, in ji shi, yana kallon gefe, sau ɗaya aka wajabta a rayuwa.

Alhaji ya ce, "Allah gafarta Malam, in da ni kake, umara ba yawon buɗe ido ba ce."

"Ban kira suna ba, Alhaji."

Ni dai a ganina ba a kujerar maniyyaci rahar take ba, a rakiyarsa take. Mutum ɗaya ne zai tafi, amma sai an cika mota 10. Matan gida, surukai, 'yan majalisa, almajiran makarantar layi a bayan a-kori-kura, har da wanda rabonsa da gaida maniyyacin tun sallar bara. A yi jerin gwano zuwa sansanin alhazai, a wuni a rana, a ce tashi sai gobe, a juyo gida, gobe a sake zuba mai a koma. Ranar tarba kuwa motocin ninkawa suke yi, don kowa ya san da tsaraba a jaka. Filayen jirgin Turai da ke lissafi na gaskiya suna ƙirga har motocin da ke kawo fasinja. Ranar da mai irin wannan lissafi zai zo Kano lokacin jigilar alhazai, sai ya nemi ƙarin takarda.

Raha ta ɗan lafa da Baba ya tuno hajjin 2024. Zafi a Makka ya haura digiri 51, mutum sama da 1,300 suka rasu, akasarinsu waɗanda suka yi ta tafiya a rana ba tanti ba mota. Maƙwabcinmu Babarbare, wanda a kullum shi ne abin tsokanar Fulanin layi, ya ce a watan Satumbar shekarar ce madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya ci Maiduguri, 'yan'uwansa suka kwana a kan rufi. Ba wanda zai ce jirgi kaza ne ya jawo. Madatsa in ba a kula da ita ba za ta ɓalle ko ba sauyin yanayi. Amma zafin bazara da muke kwana a ƙofar gida saboda shi, da ruwan da kan zuba a wuni ɗaya abin da da yake yi a wata, tsofaffi sun ce ba haka suka taso suka gani ba.

Wani matashi mai adaidaita sahu, wanda ya tsaya shan shayi, ya ce shi fa duk wannan bai shafe shi ba. "Baba, ni ko ƙofar jirgi ban taɓa takawa ba. Sai dai in kai mutane bakin get a biya ni. Su da suka ɓata sama su gyara." Yana da hujja, kuma lambobi suna bayansa. Jiragen sama gaba ɗaya wajen kashi 2.5 cikin 100 na iskar kabon ɗin duniya suke fitarwa, kuma wani bincike na 2020 ya nuna kashi 1 cikin 100 na mutanen duniya, masu yawan hawa, su ke da rabin wannan. Afirka dukanta, da motocinta da masana'antunta, ba ta kai kashi 4 ba. In laifi ake rabawa, namu ko cokali bai cika ba. Ina tare da shi har nan. Inda muka rabu shi ne, zafin da ambaliyar ba sa tambayar wanda ya taɓa hawa jirgi, kuma abubuwan da za su rage hayaƙin filin jirginmu, ko ba don Turawa ba, aljihunmu za su fara yi wa amfani.

Kafin a kai nan sai da aka biya ta kan Iya mai ƙosai, don yaron ya ce yanzu da tsohon man suya ake haɗa man jirgi. A Nuwambar 2023 wani jirgin Virgin Atlantic ya tashi daga Landan zuwa New York da irin wannan mai zalla, akasarinsa daga ragowar mai da kitse. Tarayyar Turai ta wajabta a gauraya kashi 2 cikin 100 daga 2025. Matsalar ita ce tsadarsa ta ninka ta man jirgi na yau da kullum, kuma a 2024 duk abin da aka samar a duniya bai kai rabin kashi 1 cikin 100 na man da jirage suka sha ba. Aka ƙwala wa Iya kira daga tsallaken titi, aka ce ta fara tara tsohon mai, Turawa na zuwa saye.

"Wane man ne tsoho?" in ji ta, ko juyowa ba ta yi ba. "Ku gaya musu ni a kaskona mai ba ya tsufa, ƙarewa yake yi."

A nan aka rufe babin man suya.

Faransa kuma a 2023 ta hana jirgin sama zirga-zirga tsakanin filin Orly na Paris da garuruwa 3, Bordeaux da Nantes da Lyon, don jirgin ƙasa na kai mutum cikin ƙasa da awa 2 da rabi. Yaron ya ce mu ma Kano zuwa Abuja bai kamata a hau jirgin sama ba. Baba ya dube shi sama da ƙasa. Wa ya gaya maka don ƙawa ake hawa? Tun 2018 ake aikin hanyar Abuja zuwa Kaduna zuwa Kano. An yi shekarun da in mutum zai bi ta sai ya bar wasiyya, saboda masu garkuwa. Jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 ya zama mafita, shi ma aka kai masa hari a watan Maris na 2022. Ɗan kasuwar Kwari da ke sayen tikiti da kuɗin da zai ciyar da gida wata guda, ba son ganin gajimare ne ya kai shi ba. A gama layin dogo daga Kaduna zuwa Kano, a tsare shi, ka ga in sai an kafa doka kafin mutane su sauko ƙasa.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne labarin filin jirgin Cochin, a jihar Kerala ta Indiya. Kuɗin wuta ne ya ishe su. A 2015 suka shimfiɗa allunan sola sama da 46,000 a kan eka 45 na filin da ke zaune ba aikin komai, suka zama filin jirgi na farko a duniya da rana ke ɗauke wa dukan buƙatar wutarsa. Har kayan lambu suke nomawa a tsakanin allunan. Su ma ban da jiragen, kada Baba ya tambaya. Amma kashin da ke hannunsu sun yi shi da gaske, ba da takardar sayen bishiya ba. To mu me muka rasa? Rana ce ba mu da ita, ko fili? Jami'ar Bayero ta kafa tata tashar sola a 2019, an buɗe mai megawat 10 a Challawa a 2023. Filayen jirgin ƙasar nan kuwa, kamar asibitoci da bankuna da gidajenmu, in an ɗauke wuta injin gas ne ke ɗaukar nauyi, kuma kowa ya san kuɗin litar gas yanzu.

Mu kanmu ai mun nuna hanya ba tare da mun sani ba. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, hau bene ka duba rufin unguwa. Mai aski, mai cajin waya, mai sayar da ƙanƙara, kowa ya ɗora allo ɗaya ko biyu. Ba wanda ya yi don ɗumamar yanayi, janareta ce ta fi ƙarfin aljihu. Haka kuma, kada mu yabi kanmu da yawa, gidajen da gas ɗin girki ya gagara sun koma gawayi, buhu-buhu ake shigo da shi daga dazukan da muke cewa a dasa.

Alkawari kam akwai shi jibgi. Ƙungiyar kamfanonin jirage ta duniya, IATA, ta ce 2050 za ta kai sifiri, tun 2021 ta faɗa. ICAO ta bi sahu a 2022. Shugaba Buhari ya je taron sauyin yanayi na Glasgow a Nuwambar 2021 ya ce Najeriya 2060, ya dawo ya sa hannu a dokar sauyin yanayi a watan. Baba ya ƙirga da yatsu ya ce, "2060? Allah ya kai mai rai. Duk wanda ya ɗauki alkawarin nan ya tabbata ba shi za a tambaya ba." Wani ya tuna irin wannan taro da aka yi a Dubai a 2023, inda sunayen 'yan Najeriya 1,411 suka fito a jerin mahalarta, gwamnati ta ce ita 422 kawai ta biya wa. Mai adaidaita ya tambaya ko a ƙasa suka je. Ba wanda ya ba shi amsa.

Mu a dakalinmu ba ma neman alkawarin 2060. Masu riƙe da filayen jirginmu su fara da gaya mana lita nawa ta gas injinansu ke sha a shekara, su manna a bango inda kowa zai gani, baɗi su sake mannawa mu kwatanta. Su rufe wurin ajiye motoci da allunan sola, masu rakiya su samu inuwa, filin ya samu wuta. A ƙarasa layin dogon Kaduna. Mu kuma 'yan layi, in maniyyacin bana zai tashi, mota 2 ta isa, sauran a yi masa addu'a daga ƙofar gida.